Tekun da ke ƙarƙashin ƙasar Kabi

Aikina a wurin haƙar rijiyar burtsatse shi ne tsayawa bakin rami in riƙa tarar abin da inji ke fitarwa. Bayan kowace mita uku nakan ɗebi tarkace, in wanke a rariya, in ƙulle a leda, in rubuta zurfinsa. A wani ƙauye da ke yankin Jega ne na fara jera ledojin nan a kan tabarma bi da bi, har mai injin ya ce, "Malam, wagga laka mi za ka yi da ita?"

Daga sama marmara ce, sai jan yashi da yumɓu. Wannan shi ne shimfiɗar Gwandu, wadda ta rufe yawancin ƙasar Birnin Kebbi da Argungu, kuma koguna da tafkuna ne suka zuba ta. Da muka ƙara nisa sai launi ya juya: laka mai ruwan toka, mai ɓarewa falle-falle, daga nan farin dutse. Na ɗiga masa asid mai rauni, nan take ya hau kumfa. Irin dutsen Kalambaina ne da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Da na sa madubin ƙara girma, sai ga gutsattsarin ɓawon ƙananan halittun ruwa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Dutse irin wannan a ruwan teku mai ɗumi, marar zurfi, marar laka yake taruwa, kuma na nan ya taru ne tsakanin shekaru miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce.

Abu na farko da aikin ya koya mini, inji daga sama yake haƙowa, amma labarin daga ƙasa ake karanta shi. Ƙasa da farin dutsen akwai wata laka, ƙasa da ita kuma lallausan yashi. Yashin nan na can ƙasa bakin gaɓa ne. Lakar da ta hau kansa, wato shimfiɗar Dange, alama ce ruwa ya taso ya ci gaɓar. Farin dutsen shi ne lokacin da tekun ya zauna daram, jan yashin Gwandu kuwa ya zo ne bayan ya janye.

Sau biyu tekun ya shigo wannan kwari na Sakkwato da Kabi daga arewa, ta cikin ƙasar da ta zama Sahara a yau. Shigowar farko, fiye da shekaru miliyan 66 da suka wuce, ita ta bar shimfiɗar Dukamaje a arewacin Sakkwato, inda aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. A ledojina alamar shigowa ta biyu na gani, ban ga ta Dukamaje ba, domin ba ta miƙo kudu sosai ba.

Akwai inda mutum zai yi hattara. Bangon rami kan zube, yashin sama ya gauraya da na ƙasa, saboda haka ba na amincewa da ɓawo ɗaya tilo sai na ga irinsa ya yawaita a ledoji masu bin juna. Sannan rami ɗaya ba zai nuna ko teku ne ya taso ko ƙasa ce ta lotsa ba, dole sai an gwama da wasu rijiyoyin da kuma inda duwatsun suka fito fili. Shi ya sa na bi hanyar Gusau, na duba tsakuwa da yashin shimfiɗar Gundumi a wajen Talata Mafara, waɗanda suka girmi duk shimfiɗun tekun, kuma na koguna ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawan burtsatsen da ake haƙawa kowane rani a Kebbi da Zamfara, a watsar da tarkacen a bakin rami ba tare da an rubuta komai ba. Leda da alƙalami kawai ake buƙata. Yanzu duk mai injin da na yi aiki da shi nakan roƙe shi ya ajiye mini samfur ko ba na nan, ya rubuta zurfi da sunan garin a jikin ledar.