Ƙaryar da na yi wa ɗan farina

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni wallahi. Babansu ya rasu a 2021, ina fita takaba na ɗaura ɗamara na ce yaran nan biyu ba za su san maraici ba. Ɗinki nake ina ƙulla zoɓo da kunun aya, duk abin da ya same ni haɗiyewa nake, a gabansu sai dariya.

Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita ya ninka, ban ce musu uffan ba, kuɗin tara ban taɓa fasa ba su ba ko da ni zan kwana da ruwan bunu. A shekarar ne babban ya zana jarrabawar NECO ta shiga sakandaren gwamnatin tarayya, yana aji shida. Sakamako ya fito, makinsa bai kai ba. Ni kuma da wautata sai na ce masa ai ba a saki ba tukuna, wai kar zuciyarsa ta karye.

Sati biyu ina wannan ƙaryar! Ashe a Islamiyya abokinsa ya gaya masa an saki tuntuni. Ya dawo bai yi kuka ba, cewa kawai ya yi "Umma, gani kike ba zan iya jin gaskiya ba?" Kusan sati ɗaya daga gaisuwa ba ya ƙara min komai. Faɗuwar ba ta dame shi ba kamar ƙaryar, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Inna ma da ta ji sai da ta wanke ni tas, ta ce yaron da ya ga an ɗauki gawar ubansa shi zan ɓoye wa takarda?

Daren da muka shirya na ɗauko littafin lissafina na buɗe musu, ga na haya, ga adashe, ga abin da zoɓo ke kawowa. Ban juye musu duka ba fa, bashin da ke kaina nawa ne, yaro ba miji ba ne. Shi da kansa ya ce zai riƙa tafiya makaranta a ƙafa da ƙanwarsa, kuma ranar Asabar shi ke ƙulla zoɓo ya rubuta ciniki. Sakandaren jeka-ka-dawo ta unguwarmu ya shiga, yana zuwa abinsa.

Dan Allah ƴar'uwa in ke kaɗai ke riƙe da yara, in sun faɗi ki gaya musu a ranar, ki zauna kusa da su su yi fushinsu su gama. Ni sati biyun nan har yanzu biyan su nake, in na faɗi magana sai ya ɗan kalle ni tukuna.

Kwanan baya autar ta kawo takardar lissafi ta ci 3 cikin 10, har na buɗe baki zan ce laifin malamin ne, sai na ga yayanta ya zuba min ido. Na ce mata ɗauko fensir.