Asabar a Garwa: gyaran babin rasuwa

Zafin Afrilu ya sauka tun kafin hantsi, wuta kuma an ɗauke ta tun asuba, don haka a takarda na yi aikin yau, da jan biro, a gindin darbejiya. Rubutun wata ɗaliba ne da ta gama lise, wato babbar sakandare, bara: labari don matasa 'yan shekara 14 zuwa 18, shafi 112, babi 16. Na tsallake komai na zauna kan babi na 3 zuwa na 6, inda mutuwar take, don in nan ya karkace sauran littafin ba zai miƙe ba.

Ƙashin labarin mai kyau ne. Yarinya ce 'yar shekara 16, ubanta Bahaushe ɗan kasuwa a nan Garwa, arewacin Kamaru, uwarta Bafulatana. Tun tana shekara 6 goggonta ta ɗauke ta riƙo zuwa Yawunde, unguwar Briketeri. Faransanci ya zauna mata a baki, Hausarta ta saye da sayarwa ce, Fulatanci kuwa daga "jam na" sai "jam". Uban ya rasu, ta dawo gidan da aka yanke mata cibi tana baƙuwa.

Inda aka fara ɓata shi ne lissafin hanya. A rubutun, an buga mata waya da safe, sai ga ta a Garwa ta buɗe fuskar mahaifinta, har ta bi makara zuwa maƙabarta ta zuba ƙasa da hannunta. Wannan daga fim aka kwaso shi. Wanda ya cika bayan asuba a cikin wannan zafi, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba a jiran kowa. Ita kuwa jirgin ƙasa daga Yawunde da yamma yake tashi, ya kwana yana tafiya fiye da kilomita 600, ya isa Ngaundere washegari da safe. Daga nan mota ce, kusan kilomita 280, a gangara dutsen nan mai kwana-kwana kafin a faɗo ƙasar zafi. Ko komai ya tafi daidai, sai wajen la'asar ɗin kwana na biyu za ta sauka. Jirgin sama akwai, amma ba gidan mai sayar da atamfa a Briketeri ba ne zai fitar da kuɗin kujera biyu cikin awa ɗaya. Sannan a al'adarmu mata ba sa raka gawa.

Na rubuta mata a gefen shafi: kada ki gyara hanyar don ta riski gawa, rashin riskar shi ne labarin. Yarinyar da ba ta ga ubanta a kwance ba, zuciyarta ba ta yarda da wuri. Abin da za ta tarar kaɗan ne, kuma shi ya kamata a nuna: rumfa da tabarmi a ƙofar gida, takalman maza jere a bakin zaure, hularsa a kan ƙusa, butarsa da sauran ruwa a ciki, ƙanshin kafur da bai gama fita daga ɗakin ba. Sai wayarsa. An manta ba a kashe ta ba, tana ta ringi a aljihun rigar da aka rataye, abokan ciniki daga Marwa suna neman kaya, dole wani ya ɗauka ya ce "ai ya rasu jiya". In aka ba yarinyar wannan wayar sau ɗaya, ya fi shafi uku na kuka da aka rubuta mata.

Abin da ba ta gani ba, a bakin mutane za ta ji, to dole ya zama daidai. An yi masa wanka mara, sau uku ko biyar, da ganyen magarya, na ƙarshe da kafur. Likkafanin namiji a mazhabar Malikiyya yanki biyar ne ake so: riga, zane, rawani da lifafa biyu, na mace bakwai. Sallar jana'iza kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, marubuciyar kuwa ta sa liman ya yi sujada "mai tsawo". An kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Ba sai an zuba wannan duka a littafi ba. Layi biyu sun isa, daga bakin baffanta ko wani maƙwabci mai son ba da labari. Amma ɗan shekara 15 da ya taɓa tsayawa a sahun jana'iza, da ya ga sujadar nan zai ajiye littafin.

Babi na 4 ne ya ci mini rana. A nan ta sa yarinyar ta tsaya gaban madubi tana tambayar kanta ko ita wace ce, Bahausa ko Bafulatana ko 'yar Yawunde, sakin layi huɗu cur. Na ja masa layi daga sama har ƙasa. A gidan makoki babu mai samun madubi, ko wurin miƙe ƙafa da ƙyar. Kuma ba a buƙatar tambayar, zaman makokin da kansa zai yi mata ita. Mata sun cika tsakar gida, kowace ta shigo sai ta durƙusa ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta iso kanta ta ce, "Ashe an yi rashi. Ya haƙuri?" Amsar kowa ya san ta: "Da godiya," ko "Alhamdu lillahi." Sai a ce "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," a ce "Amin." Ita kuwa bakinta ya suɓuce ta ce "lafiya lau", ko ma ta yi godiya da Faransanci. Tsakar gida ta yi tsit na ɗan lokaci, wata daga baya ta ce a hankali, "'Yar Yawunde ce." Shi ke nan, asalin ya fito ba tare da an ambaci kalmar ba. Dangin uwa kuma su zo da nasu, suna ta maimaita mata "munyal", ita tana gyaɗa kai ba ta san abin da ake mayarwa ba.

Wannan kalma ta munyal, wato haƙuri, sai an yi hattara da ita. Tun da marubuciyar nan 'yar Marwa, Djaïli Amadou Amal, ta ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban lise a 2020 da littafin da ta gina a kan wannan kalma, kusan duk rubutun da yara ke kawo mini sai na tarar da ita ana yayyafawa kamar gishiri. A nan tana da gurbi na gaskiya, amma sau uku ya isa a littafin duka, kuma kowane karo ma'anarta ta ɗan sauya a kunnen yarinyar.

Harshe uku a littafin Hausa yana da ƙa'ida. Ba a fassara Fulatancin a cikin baka. A bar mai karatu ya ɓata tare da ita na layi ɗaya ko biyu, sannan aikin da ya biyo baya ya warware, misali an miƙo mata ƙwarya, sai a gane cewa "sha" aka ce. Kalma biyu ko uku a shafi, kuma waɗanda aka riga aka gani su riƙa dawowa. Gurguwar Hausarta ma ba a kowane layi za a nuna ba, gajiya take sawa. A zaɓi kuskure ɗaya a riƙe: tana musanya "ya" da "ta", har ta ce "ya tafi" alhali uwarta take nufi. In can babi na 14 ta faɗa daidai, babu mai buƙatar a sanar da shi cewa ta canza.

Bayan azahar na leƙa wajen wani malami maƙwabcinmu da takardar gado, don babi na 6 ya sa baffa ya kwashe gida da shago gaba ɗaya, ya kori uwa da 'ya. Ana yin zalunci, ba na musu, amma mugun baffa ya tsufa a littattafanmu, kuma lissafin gaskiya ya fi ciwo. Mamacin ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya ɗaya tilo, da shaƙiƙai biyu: baffan da goggon, mahaifinsa ya riga shi. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, matar tana da tumuni, ɗaya cikin 8, mahaifiyarsa sudusi, ɗaya cikin 6, 'yar rabi, abin da ya rage na shaƙiƙan ne, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Na ɗauki gidan a kan sefa 7,200,000 don ya rabu ba saura: matar 900,000, kakar 1,200,000, yarinyar 3,600,000, baffa 1,000,000, goggo 500,000. Malam ya bi da yatsa ya ce haka ne. Da akwai ɗa namiji ko jariri ne, baffa da goggo ba su da ko sisi.

To ga labari nan. Gida ɗaya ne, ba ya yankuwa biyar. Baffa haƙƙinsa yake nema, yana da 'ya'ya da bashin taki, ba mugu ba ne. Yarinyar ce mai kaso mafi tsoka a gidan da ba ta san inda ake ajiye ludayi ba, uwarta da ta shekara 18 tana share shi tana da kaso ɗaya cikin takwas. Goggon da ta rene ta, wadda take ganin ita ce uwa, ita ma tana da abin karɓa in an sayar. Babu wanda za a tsana, kuma babu yadda za a yi kowa ya tsira.

Da la'asar sakaliya marubuciyar ta zo, ta ga jan biro ta ce, "Malama, duka aka kashe?"

Na ce, "Zauna, ɗiyata, sha ruwa tukuna. Wanda ya fi miki zafi wanne ne?"

Ta buɗe shafi na 31, inda uwar ta ruga ta rungume yarinyar a ƙofar gida tana kiran sunanta tana kuka. Ta ce in an cire wannan, masu karatu za su ce uwar ba ta son 'yarta. Na tambaye ta ko ta taɓa jin kakarta ta kira sunan ɗanta na fari. Ta yi shiru, sannan ta yi dariya. 'Yar fari ce, kuma a gaban surukai, a cikin takaba: Bafulatanar uwa ko ɗaga ido ba za ta yi sosai ba, Bahausa ma haka. Kunyar ɗan fari ce. Son yana nan, hanyarsa ce daban. Cikin dare, bayan mutane sun watse, a tura ƙwaryar kindirmo zuwa inda yarinyar take kwance ba tare da magana ba. Ko uwar ta ce da wata, "A ba baƙuwar nan mayafi, sauro." Yarinyar da ta tashi a Yawunde za ta ɗauka ƙi ne, kalmar "baƙuwa" ta soke ta, ta kwana tana kuka. Mai karatu na nan arewa zai gane abin da ita ba ta gane ba, ya riga ta sani, ya yi ta jiran ranar da za ta fahimta. Wannan jiran ne zai ja shi har babi na 16.

Ta ce, "To Malama, yaushe za ta gane?"

Nan muka zo kan takaba, wadda a rubutun aka yi ta kwana 40 aka wuce. An haɗa ta da sadakar arba'in ne. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234, da lissafin watan sama. Mai ciki kuwa sai ta haihu. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kayan ado, kuma a ɗakin mijinta za ta riƙa kwana. Sauran dangi makokinsu kwana uku ne. Na ce ta ɗauki wannan wa'adi ya zama ma'aunin littafin duka: kwana uku na farko babi huɗu, don a nan komai yake da nauyi, bakwai babi ɗaya, arba'in babi biyu, da gumba da masa da gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin mai cewa sadaka ce da mai cewa bidi'a ce, a bar su su yi, kada marubuciya ta raba musu, sauran a bi da sauri zuwa ranar fita takaba. Amfaninsa biyu. Uwar ba ta barin gidan, ke nan maganar sayarwa dole ta jira, kowa yana ƙirga kwana. Sannan jarrabawar Probatoire ta yarinyar, wadda sai an ci ta ake shiga ajin ƙarshe na lise, tana faɗowa a tsakiyar wa'adin, a Yawunde aka yi mata rajista. Ta koma ta bar uwa a ɗaki, ko ta zauna ta rasa shekara? Matashi ya san nauyin wannan zaɓi fiye da duk wata maganar asali.

Sauran gyaran na hannu ne. Makarantar Faransanci ta bar mata "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", "dj" a wurin "j": na ƙirga "tchikin" sau 23 a babi ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa babu ko ɗaya, har "ƙasa" da "kasa" suka zama abu guda a wajen binnewa, wurin da bai kamata a yi dariya ba. Na nuna mata yadda ake ƙara madannin Hausa a waya.

Ta tafi da babi huɗu a jaka da sharaɗin mako biyu: ta zauna da wata tsohuwa da ta yi takaba ta tambaye ta abin da take yi tsakanin azahar da la'asar, don a nan rubutun ya fi zama fanko. Wuta ta dawo ana kiran magariba. Babi na 7 yana nan ban taɓa ba, na dai hango a shafin farko an sa ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a ranar sadakar bakwai, kuma har yanzu a labarin farkon Afrilu ake.