Daga Denver zuwa Cody: tafiyar zaɓen harsashin farautar elk

A tsakiyar Satumba muka tashi daga Denver, ni da Kawuna wanda ya daɗe yana zaune a Amurka, bayan ƙuri'a ta faɗo masa a rabon lasisin farautar elk na jihar Wyoming. Elk barewa ce ta tsaunuka wadda ta fi gwanki girma, domin ƙosasshen namiji yakan kai kilo 320, kuma ƙahonsa mai rassa yana zubewa ya sake tsirowa kowace shekara. Lokacin farautar Kawu sai Oktoba, saboda haka wannan tafiya ta duba wuri ce da yanke shawara a kan bindigar da zai riƙe, don tsohuwar .30-06 ɗinsa ta fara yi masa ƙanƙanta a ido tun da ya ji cewa a can ana harbi daga wannan tudu zuwa wancan.

Mun bi babbar hanya ta 25 ta Cheyenne da Casper, inda iska ke kaɗawa har a kafa alluna ana gargaɗin direbobin manyan motoci, muka kwana a Sheridan. A wannan gari ne kamfanin Weatherby ya tare a 2019 bayan ya baro Kalifoniya, kuma Kawu ya shafe daren yana yabon harsashin .300 Weatherby Magnum, wanda Roy Weatherby ya ƙirƙira a 1944 bisa imaninsa cewa gudun harsashi shi ne komai. Washegari muka haura tsaunukan Bighorn, muka gangara ta kwazazzabon Shell zuwa Cody.

A Cody akwai gidan tarihin bindigogi a cikin cibiyar Buffalo Bill, inda aka ajiye tarin kayan kamfanin Winchester, kuma a nan na fahimci yadda waɗannan harsasai suka biyo juna. Winchester ya fitar da .338 Magnum a 1958, Remington ya mayar da martani da 7mm Magnum a 1962, sannan .300 Winchester Magnum ya zo a 1963. Dukkansu kwansonsu ya samo asali daga .375 H&H na Ingila na 1912, mai ɗamara a gindi. Sababbin shiga irin su .300 PRC na 2018 da 7mm PRC na 2022, waɗanda Hornady ya fitar, sun yar da ɗamarar, an kuma tsara su don dogayen harsasai masu tsini da ke yanka iska.

Ɗan jagoran da Kawu ya ɗauka dattijo ne mai kiwon dawaki a kwarin Wapiti, a kan hanyar Yellowstone. Ɗaukarsa dole ne, domin dokar jihar ba ta yarda baƙo ya yi farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓun dazuzzuka ba sai da ɗan jagora mai lasisi ko ɗan jihar da zai raka shi. Ya kai mu filin gwajin harbi da ke bayan gidansa, ya shimfiɗa bindigogi uku a kan bargo, ya ce Kawu ya harba kowace a kwance, ya ɗora ta a kan jakar baya kamar yadda zai yi a daji.

A nan ne na ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. Harsashin .300 Winchester mai nauyin giren 180, wato kusan giram 12, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, kuma kafaɗar maharbi ce ke biyan kuɗin wannan gudu. Bayan Kawu ya ɗan jima yana harba .338, dattijon ya karɓi bindigar kamar zai sa mata harsashi, ya mayar masa da ita babu komai a ciki. Da Kawu ya ja kunama, sai muka ga idonsa ya rufe, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindigar ya sunkuya, alhali ƙarar ƙarfe kawai aka ji. Jikinsa ya riga ya koyi tsoron naushin tun kafin ya zo. Da 7mm kuwa ya zauna daram, harbinsa ya taru wuri guda a yadi 300 yadda tafin hannu zai rufe shi.

Dattijon ya zauna ya yi mana lissafin nisa dalla-dalla. Bindigar da aka saita a yadi 200, in an harba ta zuwa yadi 500, harsashin magnum zai sauka da kusan mita guda. Wannan ba ya ba shi tsoro, tunda na'urar auna nisa da madubin saiti suna gyara shi, kuma siririyar iskar tsauni tana rage saukar. Abin da ke hana shi barci shi ne iskar gefe, wadda matsakaiciyarta kan kauce da harsashi kusan rabin mita a wannan nisa, ga shi a kwazazzabo tana iya kaɗawa gabas a inda kake, yamma a inda dabbar take. Wurin da huhu da zuciyar elk suke bai wuce faɗin santimita 40 ba, kuma a cikin fiye da rabin daƙiƙar da harsashi ke tafiya, taku ɗaya ya isa ya mayar da harbin ƙirji ya zama na ciki.

Ya kuma dage cewa ƙirar harsashin ta fi sunan kwanson muhimmanci. John Nosler ya fara sayar da harsashin Partition a 1948 ne bayan harsashinsa ya tarwatse a kafaɗar wata babbar barewa a Kanada bai shige ba, sai ya raba dalmar gida biyu, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da hudawa. Dokar jihar ta amince da harsashi mai kaurin inci .24 zuwa sama, amma ƙashin kafaɗar elk yana buƙatar harsashin da ba ya wargajewa.

Wannan magana ta shige ni sosai, domin mu da muke ambaton sunan Allah kafin harbi an umurce mu da kyautata wa abin da za mu kashe. Dabbar da aka raunata ta shige duhuwar dajin Shoshone za ta mutu a wahale, namanta ya lalace ko beyar grizili ta riga mai shi, kuma a ganina babu ƙahon da ya cancanci haka.

Da asuba muka hau dawaki zuwa wani tudu, muka ji kukan namijin elk, wani siririn fito mai tashi sama ya ƙare da gurnani, sannan muka hango shi yana kora matansa a ƙetaren kwari. Na'ura ta nuna yadi 620. Dattijon ya nuna mana wani ɗan kwazazzabo da mutum zai bi da rarrafe, iska na busowa fuskarsa, ya rage nisan zuwa rabi.

A hanyar dawowa ta Thermopolis na tambaye shi: “Kawu, wacce ke nan za a saya?” Ya ce: “Ɗana, 7mm Remington da harsashi mai giren 160, kuma ba zan wuce yadi 350 ba ko da ƙahon ya taɓa sama.” Ya ƙara da cewa ana samun harsashinta a kusan kowane kantin mafarauta na ƙananan garuruwa, abin da sababbin ba su kai ga samu ba tukuna, kuma makonnin da suka rage zai ƙarar da su a filin gwaji, musamman a ranakun da iska ta fi ƙarfi.