Sana'ar kai baƙi farautar baƙar beyar a dajin arewacin Ontariyo

Mu dai sana'armu ba a cikin gari take ba, can ƙuryar dajin arewa maso yammacin Ontariyo ne a ƙasar Kanada, yankin Red Lake, inda kwalta ke ƙarewa sai dai ka hau ƙaramin jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa, Beaver ko Otter, waɗanda da yawansu sun girmi matuƙansu amma har gobe su ke ɗaukar mutane da kaya. Sansanin namu ɗakunan katako ne 'yan kaɗan a bakin tafki, da kicin, da janareta, da firiza, da kwalekwale masu inji. Ni da abokin haɗin gwiwata muka saye shi a hannun wani dattijo da na yi wa aiki shekaru, shi ya koya min komai, tun daga ɗaura duron abincin beyar a jikin bishiya har yadda ake lallashin baƙon da ya yi kwanaki bai ga ko wutsiya ba. Aikinmu shi ne mu karɓi mafarauta, galibi Amurkawa daga Minesota da Wiskonsin da Ayowa, mu ba su masauki da abinci na mako guda, mu kai su inda muka daɗe muna zuba wa baƙar beyar abinci, su zauna su jira.

Nasan me wani zai ce, don an sha faɗa min, har a nan Kanada ɗin ma, a lardin Biritish Kolombiya doka ta hana wannan salon gaba ɗaya. Wai ai wannan ba farauta ba ce, ka zuba wa dabba abinci ka harbe ta tana ci. Toh ni ban ga laifin mai faɗa ba, amma yawancin masu faɗar ba su taɓa shiga irin wannan dajin ba. Bishiyoyi ne a cushe, ƙasa duk fadama da gansakuka, taku ashirin a gabanka ba ka gani, ita kuma beyar hancinta ya wuce misali, tun kana nesa ta shinshino ka ta bar wajen. In ka ce sawu za ka bi, abin da za ka samu bai wuce ka hango wani baƙin abu ya gilma ba, kuma wanda ya yi harbi a kan gilmawa bai san me ya harba ba, namiji ne, mace ce mai shayarwa, ɗan bara ne, oho. Amfanin abincin kenan a wajenmu, yana tsayar da dabbar a gabanka minti goma, minti ashirin, ka ƙare mata kallo kafin ka yanke shawara.

Kakar farauta ta farko doka ta buɗe ta daga 1 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, amma mu a nan sama ƙanƙarar tafki ce ke ba da izini ba kalanda ba, sai ta narke jirgi zai iya sauka. Lokacin beyar ta fito daga ramin da ta kwanta tun wajen Oktoba ko Nuwamba, ta rame, cikinta bai gama warwarewa ba, ɗanyar ciyawa take fara ci, shi ya sa makon farko sau da yawa shiru ne. Mu kuwa tun kafin baƙo na farko ya iso mun fara dako. Kuma dako ne na gaske wallahi, kashi mafi yawa na sana'ar nan ɗaukar kaya ne, ka loda bokitai a kwalekwale, ka tsallaka tafki, ka sauka ka saɓa su a kafaɗa ka kutsa cikin fadama, ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo suna shiga kunne da wuyan riga, in sun tafi sauro ya karɓi aiki. Duk bayan kwana ɗaya ko biyu sai an koma kowane waje, don in duro ya bushe babban namiji ba ya jira, gaba yake yi.

Duron irin na man fetur ne mai cin lita 205, a wanke shi, a huda 'yan ramuka a jiki, a ɗaure da sarƙa a gindin bishiya, in ba haka ba ka dawo ka tarar an mirgina shi cikin daji. Ramukan da gangan ake yin su ƙanana, don dabbar ta yi ta jujjuya shi abinci na zubowa kaɗan-kaɗan, ta daɗe a wajen. Abin da muke zubawa gugguru ne da hatsin ots, da ragowar burodi da donot da gidajen burodi suka kasa sayarwa, a kwarara tsohon man suya da kakkauran ruwan rake a kai. Guggurun saboda ba shi da nauyi a jirgi, ɗanye muke kawowa mu soya a sansani. Man kuma muna zuba shi har a ƙasa kewaye da duron, duk wadda ta taka za ta tafi da ƙanshin a tafin ƙafarta, wata ta ci karo da sawun ta biyo shi, su da kansu suke yi mana talla. Wasu sansanonin kitsen alade suke ƙonawa don hayaƙin ya ja su, mu ba ma taɓa shi, muna sayen gawar biba, dabbar ruwan nan mai datse rafi, a wajen masu ɗana tarko bayan sun cire fata, mu rataye ta sama inda sai beyar ta miƙe tsaye za ta kamo. Wannan miƙewar ma tana da amfani, nan ake ganin cikinta, a gane mace ce ko namiji.

Ɗan dandamalin da baƙo zai zauna muna kafa shi a kan bishiya, kusa sosai in mai kwari da baka ne, a ɗan ja baya in mai bindiga ne, kuma ba a kafa shi sai an san ta ina iska ta saba kaɗawa da yamma da kuma ta ina dabbar ke shigowa. Kyamarorin daji sun sauƙaƙa mana, suna nuna wa ke zuwa da ƙarfe nawa, amma har yanzu sai na duƙa na duba sawu, tafin gaba in ya kai inci 5 a faɗi to kusan kullum namiji ne mai jiki. Da la'asar muke kai kowa wajensa, mu zuba abinci da hayaniya kamar yadda muka saba, mu tafi, ita a tunaninta mai kawo abinci ya zo ya wuce. Shi kuma ya zauna ba motsi ba tari har rabin awa bayan faɗuwar rana, nan lokacin harbi ke ƙarewa a doka, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai an wuce ƙarfe tara na dare (batun lokacin isha da asuba a nan kam labari ne na daban).

Abin da na fi ɓata lokaci a kai daren farko, kafin kowa ya taɓa makami, shi ne yadda ake kallon beyar. Duk wanda bai saba ba, ta farkon da ya gani ƙatuwa ce a idonsa, zuciya na bugawa, sai an je ɗauka a tarar ɗan saurayi ne. Nakan ce musu ku bar kallon dabbar, ku kalli duro. In tana tsaye da ƙafa huɗu bayanta bai wuce zoben tsakiya ba, ƙarama ce, a ƙyale ta. In ya kusa kai bakin duron, to wannan babba ne. Ƙaramar kunnuwanta manya ne a tsaye a saman kai, ƙafafu dogaye, tana ci tana waige-waige, ta fizgi abu ta ruga. Tsohon namiji kuwa kunnuwa ƙanana can gefe, goshi da tsaga a tsakiya, ciki ya kusa taɓa ƙasa, yana tafe yana rangaji kamar mai unguwa ya fito zagaye, ba ya waigen kowa. Sai babbar magana, mace mai 'ya'ya. A cikin rami take haihuwa wajen Janairu, a watan Mayu 'ya'yan ba su iya rayuwa su kaɗai ba, kuma wayonta shi ne takan kora su saman bishiya can baya ta shigo ita kaɗai, saboda manyan maza na kashe su. Wanda ya yi gaggawa zai rantse ba ta da ɗa. Don haka ƙa'idarmu, duk wadda ta shigo a ba ta lokaci, a saurara ko za a ji ƙarar farata a jikin bishiya, a duba nono. Doka ta haramta kashe ɗan ko uwar da ke tare da shi a wannan kakar, tara na iya kaiwa dala 25,000 har da ɗaurin shekara guda, mu kuma lasisinmu ne a kan layi.

Bayan harbi ba a saukowa, ko da ya ji nishin nan mai tsawo da takan yi in za ta mutu, ya zauna har mu zo. Gashinta dogo ne ga kitse, suna toshe rauni, jini ba ya zuba sosai, wani lokaci da tocila muke rarrafe muna neman ɗigo a kan ganye, in abin bai kwanta min ba sai mu bari gari ya waye, ba na sa yarana bin dabba mai rauni cikin duhu don farin cikin baƙo. In an samu, a feɗe da wuri, fata a shafe ta da gishiri ko a sa a firiza, nama a yanka a ƙulle, barin nama ya lalace laifi ne a Ontariyo. Maɗaciya kuma ba a cire ta a ajiye, mallakarta daban da gawar haramun ne a doka, saboda kasuwar bayan fage da ke kai ta Asiya don magani. Muna zare ɗan ƙaramin haƙori mu aika wa ma'aikatar albarkatun ƙasa, da shi suke ƙirga shekarun dabbar. Naman kuma ina jaddada musu a dafa shi ya dahu har ciki, digiri 74, don yana iya ɗaukar tsutsar tirikinela wadda ko daskarewa a firiza ba ta kashe ta. Masu tambaya ko ina ci, a'a ni ba na ci, mai girkinmu ta san tukunyata daban ce, kifin tafkin nan ya ishe ni.

Ta fuskar kuɗi kuwa, sana'a ce da ke rataye a hannun 'yan siyasa da bakin iyaka. Baƙo daga waje ba shi da damar farautar beyar a nan sai ta hannun mai lasisi irinmu, kowane kuma gwamnati ta yanka masa yankinsa, wannan ya yi mana daɗi. Amma a 1999 gwamnatin Mike Harris, firimiyan Ontariyo na lokacin, ta soke kakar Mayu ɗungurungum a kan batun marayun 'ya'yan beyar, dattijon da na gaya muku ya ce masu sansani da yawa a lokacin suka tattara. Sai a 2014 aka dawo da ita a matsayin gwaji a yankuna takwas ga 'yan lardin kawai, 2016 aka buɗe wa baƙi, a 2020 aka sanar ta zauna dindindin, kuma a watan Maris ɗin shekarar korona ta sa aka rufe iyaka da Amurka, ba a buɗe musu ba sai 9 ga Agusta 2021. Kakar Mayu biyu kenan babu Ba'amurke ko ɗaya, ga inshora da kuɗin lasisi ba sa jira, ga kafin alƙalamin mutane a hannunka ka riga ka sayi mai da shi. Ko a shekarar lafiya ma, akwai wanda zai biya komai ya tuƙo mota har gadar Fort Frances da ke kan iyakar Amurka da Kanada a mayar da shi saboda tsohon laifin tuƙi cikin maye, shi ya sa yanzu tun a waya nake tambaya ba kunya, kuma in tuna masa takardar shigo da bindiga ta dala 25, ƙaramar bindigar hannu kuma ya bar ta a gida.

Jarabawar da ke kama mai sansani ita ce ƙara baƙi. Kowane ƙarin mutum kuɗi ne, kuma a shekarar farko ba za ka ga illa ba, amma macen beyar sai ta yi shekaru kafin ta fara haihuwa, sannan shekara biyu-biyu take yi, in ka kwashe manya a yankinka za ka daɗe kana nuna wa mutane ƙanana. Mu wuraren abincinmu kullum sun fi baƙinmu yawa, wajen da aka yi harbi a bar shi ya huta, kuma ba na yi wa kowa alƙawarin zai koma da beyar. Wanda ya zo da burin ƙoƙon kai mai inci 20 don ya shiga kundin Boone and Crockett, inda ake rubuta mafi girman dabbobin da aka farauto, ina gaya masa gaskiya, akwai su, amma irinsu sai duhu ya fara suke fitowa, wani sai lokacin harbi ya wuce da minti biyar kamar yana da agogo.

Kaka ta biyu tana farawa 15 ga Agusta, ita kuma nata ciwon kan 'ya'yan bulubari ne, ƙananan 'ya'yan itacen daji da beyar ke ci. Shekarar da suka yi albarka, musamman a filayen da gobara ta taɓa ci, sai ka ga duro cike ba wanda ya kula shi, donot ɗinka na ruɓewa suna can suna kiwo. Shekarar da sanyi ya kashe furen kuwa har bayan kicin sai sun zo, dole a kulle shara a ƙona ragowar abinci kullum. Tun watan Yuli nake leƙa filayen in ga yadda 'ya'yan suka kama, da shi nake sanin buhun gugguru nawa zan saka a jirgi da kuma ko zan karɓi mutanen da ke jerin jira ko in ce musu sai Mayu.