Takardar sunayen da Yaya ta zo da ita

Laraba, da dare

Tun jiya Yaya ta yanke cewa yau ranar tsaraba ce. Hutu ya zo ƙarshe, jibi za mu hau jirgi, ita kuwa tun kafin mu taso ta rubuta sunaye a takarda ta ninke ta jefa a jaka. Da safe ta shimfiɗa mini takardar a kan gado, ta ce in duba ko akwai wanda ta manta. Mama da Baba ne a sama, sai ƙannenmu, sai 'ya'yanta, sai goggonni da kawunnai, sai maƙwabta, sai abokan aikinta, har da malamar ajin autanta. Gaba da baya takardar ta cika.

Na ce, "Yaya, duk waɗannan?"

Ta ce, "To wa za a cire? Ki nuna mini wanda za mu kalli idonsa mu ce mun je mun dawo hannu rabbana."

Ban ba ta amsa nan take ba, domin tambayar tana da nauyi. Ni ma ina son ba da kyauta, ina son ganin fuskar mutum lokacin da yake kwance ƙulli. Abin da ke damuna shi ne yau ce cikakkiyar ranarmu ta kusa da ƙarshe a garin nan, akwai gidan tarihin da nake ta ɗagawa tun zuwanmu, ga shi za mu ƙarar da yinin muna bin shaguna da biro a hannu muna soke suna. Sannan akwai abin da na daɗe ina lura da shi a gidajen mutane, har da namu: ƙananan kayan tsaraba da suka taru a bayan kabad, ƙura ta rufe su, ba wanda ya tuna wa ya kawo wanne.

Kafin mu fita na roƙi ma'aikacin masauki ya ara mana sikeli. Tikitinmu akwati ɗaya ɗaya ya ba mu, kilo 23, wanda shi ne ma'aunin da yawancin kamfanonin jirage ke bai wa fasinjan kujerun baya a doguwar tafiya. Akwatin Yaya ya riga ya kusa kai wa haddi tun ba a sa tsarabar kowa ba. Duk abin da ya haura kuwa sai an biya a filin jirgi, kuma sau da yawa kuɗin awon yakan fi kuɗin kayan da ya jawo shi. Ta kalli sikelin ta kalle ni, ta ce ai nawa akwatin da sauran wuri. Haka muka fita.

Layin da baƙi ke sayayya a cike yake. Mun shiga shago na farko, na biyu, na uku, kaya iri ɗaya ne: maratayin makulli, kofi mai sunan gari, riga mai sunan gari, ɗan maganaɗisun da ake liƙawa a ƙofar firji, ƙaramin gunkin hasumiyar garin da aka zuba da roba. Na ɗauki ɗaya na juya bayansa, ga 'yar takarda an rubuta cewa a China aka yi shi. Ban yi mamaki ba. Akwai birnin Yiwu a lardin Zhejiang, inda kasuwar sari ta ƙananan kaya take da rumfuna fiye da 70,000, kuma daga can ne irin waɗannan kaya masu yawa ke watsuwa zuwa garuruwan yawon buɗe ido na duniya. Sunan garin kawai ake sauyawa a jikin kofin. Ba na ganin laifin mai shago, abincinsa yake nema, haka ma wanda ya ƙera. Amma na tsaya ina tunanin Kawu yana karɓar wannan maratayin makulli. Me zai gaya masa game da inda muka je? Me zai gaya masa game da shi kansa, in dai irinsa muka ba duk wanda ke cikin takardar?

Na faɗa wa Yaya haka. Ta ce, "Da babu gara ba daɗi. Mutum ba kayan yake kallo ba, tunawar da aka yi da shi yake kallo."

A nan ne muka fi daɗewa muna magana, muna tsaye a inuwar wani bango, mutane na gifta mu. Ina ganin rabin maganarta gaskiya ce tsantsa. Akwai wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Joel Waldfogel, da ya yi bincike a 1993 kan kyaututtukan ƙarshen shekara. Ya tambayi ɗalibai yawan kuɗin da za su iya biya da kansu kan abin da aka ba su kyauta, ya gano cewa tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya cikin uku na darajar kuɗin yakan salwanta, saboda an saya wa mutum abin da shi ba zai saya wa kansa ba. Lissafinsa na kuɗi ne, bai auna daɗin da mutum ke ji in an tuna da shi ba, kuma Yaya ta fi shi gaskiya a wannan gefen. Sai dai akwai wani abu a binciken da ya zauna mini a rai: asarar ta fi ƙanƙanta a kyautar abokai na kusa da masoya, ta fi girma a kyautar dangi na nesa. Wato gwargwadon sanin da ka yi wa mutum, gwargwadon yadda kyautarka za ta same shi. Tunawar da Yaya ke magana a kai ita ce ainihin abin da ke ɓacewa idan aka kwaso dozin biyu na abu ɗaya aka raba. Mutum yana gane bambancin abin da aka gani aka ce wannan na wane ne, da abin da aka saya don kada a yi ƙorafi.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke ba ki da ofis irin nawa." Na bar maganar a nan, muka ci gaba da tafiya.

Wani mai shago ya ga muna duba matajai, sai ya janyo aljihun tebur ya fito da wani mai ruwan zuma da ɗigo-ɗigon baƙi. Ya rage murya ya ce na ainihin ƙoƙon kunkurun teku ne, ba roba ba. Kyakkyawa ne ƙwarai, nan da nan Yaya ta ce wannan na Goggo ne. Na riƙe hannunta. Akwai yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka sa wa hannu a Washington a 1973, ƙasashe fiye da 180 suna ciki, kuma kunkurun tekun da ake yin irin wannan mataji da ƙoƙonsa yana cikin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Haka hauren giwa, tun shawarar 1989. Jami'in kwastam na da ikon ƙwace kayan, wani wurin har da tara, kuma cewa ba ka sani ba ba ta fitar da kai. Ko da ma ba za a kama mu ba, ba na son Goggo ta riƙa taje gashinta da bayan dabbar da ke gab da ƙarewa a duniya. Idan kuma roba ce ya kira ta ƙoƙo, to ya cuce mu ke nan. Muka yi masa godiya muka fita.

Wannan ya sa na tuna mata da shawarar da ta kawo shekaranjiya, cewa mu ɗura wa yara yashin bakin teku a kwalba. Ba ko'ina ake yarda da hakan ba. A tsibirin Sardiniya na Italiya, tun 2017 doka ta hana ɗibar yashi da tsakuwa da ƙwanson bakin teku, kuma ana kama mutane da su a filin jirgi ana cin tararsu. Kwalba ɗaya ba ta rage teku, amma masu ɗiba dubbai ne kowace shekara. Turaren da ta so saya wa ƙanwarmu kuwa, babbar kwalba ce, dole ta shiga akwatin da ya riga ya cika, domin tun 2006 yawancin filayen jirage ba sa barin ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Ta haƙura ta ɗauki ƙaramar.

Bayan azahar muka bar babban layi muka kutsa wani lungu don mu guje wa cunkoso. Can muka ji ƙarar masaƙa. Wani dattijo ne zaune yana saƙa, kayansa kaɗan a rataye a bango, ba sunan gari a jikin ko ɗaya. Idona ya faɗa kan wani mayafi mai kauri, launin toka da siririn layi shuɗi a baki, kafin in yi magana Yaya ta ce, "Mama." Duk mun san yadda take jin sanyi a kafaɗa da asuba, da yadda ba ta son launi mai ƙara. Ba mu duba takarda ba, ba mu yi shawara ba. Dattijon ya nuna mana yadda ake wanke shi, da ruwan sanyi, ba matsa. Na ji daɗin cewa kuɗin ya shiga hannun wanda ya yi aikin, kuma in Mama ta tambaya muna da labarin da za mu ba ta: lungun, ƙarar masaƙar, yatsun mutumin. Wannan ce irin tsarabar da nake nufi tun safe, kuma ba sai na ƙara bayani ba, Yaya ta ji abin da na ji.

Na Baba ma haka ya zo da kansa. Tun da muka taho, duk lokacin da muka kira shi sai ya tambayi ta ina kogin ya ratsa garin, tashar jirgin ƙasa tana gabas ne ko yamma. A wani shagon littattafai na ga taswirar garin, babba, da sunan kowane titi. Ba ta da nauyi, tana ninkewa ta shiga aljihun akwati, kuma na san zai shimfiɗa ta ya sa mu nuna masa duk inda muka taka.

Yara daban ne, a nan ban yi gardama da Yaya ba ko kaɗan. Yaro bai san kilo 23 ba, abin da ya sani shi ne uwarsa ta tafi ta bar shi, yanzu ta dawo. Dole a zo masa da wani abu, kuma gara ya zama iri ɗaya da na 'yan uwansa don kada a yi kuka. Babbarsu ce kaɗai ta faɗi abin da take so tun kafin mu taho: sulallan ƙasar da tikitin jirgin ƙasa da aka riga aka huda, tana tara su a gwangwani. Suna cikin jakata tun ranar farko, ba su ci mu komai ba, kuma ina da yaƙinin babu wanda zai kai ta murna.

Da muka zauna hutawa sai Yaya ta buɗe mini abin da ke ranta game da ofis. Ashe akwai wata abokiyar aikinta da ta ɗauke mata duk aikinta don ta samu wannan hutu, har tana kwana a kan takardun da ba nata ba. Na ce, "To Yaya, wannan ai ba maratayin makulli ya kamace ta ba. Ki bar sauran, ki yi mata abu na gaske." Ta ce sauran fa za su gani. Na ce su gani, su ma sun san wa ya yi aikin. Ba ta yarda gaba ɗaya ba. Ta koma babban layi ta sayi maratayan makullin dai, na ofis da na maƙwabta, kuma ban hana ta ba, domin ita ke zama da mutanen nan kullum, ita ta san abin da shiru zai jawo mata. Amma ta soke sunan matar daga cikin jerin gama-gari ta rubuta shi daban a gefe.

Muka rabu da la'asar, ita kasuwa, ni gidan tarihi. Na samu kusan awa guda kafin a rufe, ban ga komai da komai ba, amma na ga ɗakin tsofaffin jiragen ruwa da nake so. A ƙofar fita na sayi katuna masu hoto na wuce gidan waya. Tun 1869 ake aika kati ta gidan waya, a daular Ostiriya da Hungari aka fara, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi arha da sauƙin ɗauka ba. Na rubuta wa Goggo, da Kawu, da wata aminiyata da ta yi rashi kwanan baya, wadda na san ba kofi take buƙata ba. Layi uku huɗu kowanne, abin da na gani da ya tuna mini da shi. Watakila mu riga katunan isa gida, ba komai, za su zo da kan sarkin ƙasar da rubutun hannuna.

Saura mutum ɗaya da ke damuna, ƙawata tun ta makaranta. Na duba yini guda ban ga abin da ya yi kama da ita ba, kuma na ƙudura ba zan tsaya a shagon filin jirgi in ɗauko mata ko mene ne don in rufe baki ba. Idan gobe ma ban gani ba, zan gaya mata gaskiya cewa na nema ban samu ba, in ware mata yamma guda mu zauna in nuna mata hotuna. Yaya ta ce wannan ba tsaraba ba ce, kuma har muka kashe fitilar gefenta ba mu daidaita a kai ba.

Gobe da safe za mu koma wurin masaƙin. Yaya ta ga wani mayafi kore da take so ta saya wa matar ofishinsu, ta kuma ce in zo da sauran wurin da ke cikin akwatina.