Lamba ta ɗaya a wane jadawali? Inda kuskure ke shiga shirin tsofaffin waƙoƙi a rediyo

A Amurka da Birtaniya akwai wani shirin rediyo na ƙarshen mako da ke da masoya na gani-kashe-ni. Ana ɗauko wani mako na shekarun baya, a ce na watan Maris 1984, a jero waƙoƙin da suka yi tashe a makon, daga ƙasa har a kai ga ta ɗaya. A Amurka wanda aka fi sani shi ne maimaicin American Top 40 na mai gabatarwa Casey Kasem, shirin da ya fara a Yulin 1970. A Birtaniya kuwa akwai Pick of the Pops na BBC Radio 2. Masu sauraron irin wannan shiri kullum suna cikin shirin ko-ta-kwana. Mai gabatarwa na faɗin shekara ko lamba ba daidai ba, kafin waƙar ta ƙare saƙon gyara ya iso tasha.

Sai dai da yawa daga abin da ake kira kuskure ba kuskure ba ne. Jadawali, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a mako, shi ne ya bambanta, kuma wanda bai fara tambayar wane jadawali aka ɗauko ba, gyaransa ma sai an gyara.

A Birtaniya abin ya fi rikitarwa. Jaridar kiɗa ta NME ce ta fara buga jadawali a ranar 14 ga Nuwamba 1952, ta hanyar tambayar shaguna faifan da suka fi sayarwa. Daga baya Melody Maker da Record Retailer da wasu suka fito da nasu, kowa da shagunan da yake tambaya. BBC kuma sai ta riƙa haɗa lissafin jaridun ta fitar da matsakaici. Ba a sami jadawali guda da masana'antar ta yarda da shi ba sai Fabrairun 1969. Da aka zo tattara tarihi, sai aka ɗauki na NME har zuwa Maris 1960, daga nan na Record Retailer har 1969, aka ce su ne na hukuma. Sakamakon haka, waƙar ƙungiyar Beatles ta 1963, "Please Please Me", ta hau lamba ta ɗaya a NME da Melody Maker da ma jadawalin BBC, amma a Record Retailer ta tsaya a ta biyu. Dattijon da ya ji da kunnensa an ce ta ɗaya ce yana da gaskiya, littafin da ya ce ta biyu shi ma yana da gaskiya. Laifin shirin, idan akwai, shi ne rashin faɗin wanda ya bi.

A Amurka ma haka ne. Hot 100, jadawalin waƙoƙi ɗari na mujallar Billboard, ya fara a 4 ga Agusta 1958, amma a wancan zamanin mujallun Cash Box da Record World na da nasu, kuma ba kullum suke dacewa ba. Muryar Kasem kanta na ruɗin mutane: ya bar American Top 40 a Agustan 1988, kuma sabon shirinsa da ya fara a Janairun 1989 jadawalin mujallar Radio & Records yake bi, wanda ke ƙirga yawan sa waƙa a tashoshi kawai, ban da ciniki. Mai riƙe da littafin Joel Whitburn na tarihin jadawalin Billboard zai ga lambobi sun ƙi zama, ya ɗauka an yi ɓarna.

Sai batun kwanan wata. Tun 1962, ranar da ke kan jadawalin Billboard ranar Asabar ce ta bangon mujalla, alhali an tattara lissafin tun kwanaki kafin nan. A Birtaniya kafin Oktoban 1987, ranar Talata ake sanar da sabon jadawali a BBC Radio 1, shirin jero waƙoƙi na Lahadi kuma ya maimaita shi bayan kwana biyar. Saboda haka "waƙar da ke sama ranar da aka haife ka" na iya zama biyu. Ga kuma makon ƙarshen Disamba da Billboard ba ta fitowa, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1990: wasu na ƙirga shi cikin makonnin da waƙa ta yi a sama, wasu ba sa yi, sai a sami saɓanin mako guda.

Kuskure na haƙiƙa ya fi fitowa daga wuri biyu, kuma a nan mai sauraro ya cancanci a gode masa.

Na farko shi ne sa waƙar da ba ita ba. Abin da ya hau jadawali ƙaramin faifai ne mai juyi 45 a minti, sau da yawa an taƙaita shi, wani lokaci ma da haɗin sauti na daban. Abin da ke cikin kwamfutar tasha a yau kuwa galibi na kundi ne, wato babban faifai mai waƙoƙi da yawa, kuma ya fi tsawo, ko kuma wanda mawaƙin ya sake rerawa bayan shekaru don wani kamfani. Sunan ɗaya, mawaƙin ɗaya, amma kunnen da ya ƙoshi da na asali yana ganewa tun daga shigar kiɗa. "Unchained Melody" ta Righteous Brothers ta isa misali: ta 1965 ta kai lamba ta 4, ta dawo jadawali a 1990, kuma a wannan shekarar sabuwar da aka sake rerawa ta shiga Hot 100 tare da ita. Mai haɗa shirin 1990 dole ya san wace ce ke wane gurbi. A ganina wannan ne kuskure mafi muni, domin mutum ya zo ne ya ji abin da ya ji a ƙuruciyarsa, aka ba shi makamancinsa.

Na biyu shi ne bayanin da ake yi tsakanin waƙoƙi, musamman cakuɗa ƙasa da ƙasa. "Red Red Wine" ta UB40 ta hau sama a Birtaniya a 1983. A Amurka ta tsaya a ta 34 a 1984, sai a 1988 ta kai ta ɗaya. Mawaƙan Creedence Clearwater Revival ba su taɓa hawa saman Hot 100 ba, sau biyar suna tsayawa a ta biyu, amma a Birtaniya "Bad Moon Rising" ta hau a 1969. Marubucin shiri da ya kwafo layi daga intanet bai duba ƙasa ba zai faɗa wannan rami. Haka kuma kalmomi irin "na farko" da "bai taɓa ba". A maimaicin tsohon shiri sukan zama gaskiyar wancan mako da zamani ya wuce da ita, don haka ba a kama Kasem na 1975 da abin da ya faru a 1983.

Akwai kuma giɓin da tasha ke haifarwa. American Top 40 awa uku ne har Oktoban 1978, sannan ya koma huɗu. Wasu tashoshi kan yar da awar farko ta dogayen, sai a ji ƙidaya ta faro daga tsakiya.

Mai son aika gyara ya rubuta lokacin da aka yi maganar da ainihin kalmomin, ya tabbatar da ƙasa, da jadawali, da ranar da ke kansa. Sannan ya nemi hoton shafin mujallar ta wancan mako, domin shafukan intanet suna kwafar kuskuren juna. Idan batun waƙar ce, ya gwada tsawonta da mintunan da ke rubuce a jikin faifan asali, ya haɗa da lambar faifan. Ya aika wa furodusa, don shi ke riƙe da rubutun da ma'ajiyar sauti, kuma idan bai sauya fayil ɗin ba, baɗi da makon ya zagayo za a sake sa wannan waƙar.