Gwajin gigin tsufa a Jawa da tsofaffinmu na gida

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a aikin duba tsofaffi a nan Yogyakarta, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya, shi ne a miƙa wa tsohuwar da ba ta yi boko ba fensir, gaban jikokinta, a ce ta zana agogo, ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ba ta iya ba, a rubuta mata sifili. Alhali ita ke riƙe da lissafin kasuwar gidan.

Gwajin MoCA-Ina, wato takardar gwajin ƙwaƙwalwa ta nan Indunisiya da zanen agogon ke cikinta, maki 30 ne, ƙasa da 26 ake zargin matsala, kuma maki ɗaya tal ake ƙara wa wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Me maki ɗaya zai yi wa manomin shinkafar da bai taɓa shiga aji ba? MMSE, wani gwajin ƙwaƙwalwar, ma haka: cire 7 daga 100, rubuta jimla, kwaikwayon zane. Ana tambayar kwanan wata na Turawa, ga mutumin da ke ƙirga kwanakinsa da ranakun kasuwa biyar, Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon. Ga harshe kuma. Takardar da harshen Indunisiya take, tsohon kuwa Jawanci yake ji, kuma idan matashi bai yi masa magana da krama, wato Jawancin ladabi, ba, shiru zai yi.

Gyaran ba wuya. A fara duba ji da gani, a sa masa tabarau, a zauna wurin da ba hayaniya, don ranar posyandu lansia, wato taron duba lafiyar tsofaffi na unguwa, layi da surutu kan kayar da mai lafiya. A keɓe wanda ke zaune da shi a yi masa tambayoyi 8 na AD8, a kan canjin da ya gani a tunanin tsohon; "eh" biyu sun isa a tura tsohon puskesmas, wato asibitin sha-ka-tafi na gwamnati. Wanda bai yi karatu ba, gwajin RUDAS ya fi yi masa adalci: tuna kayan cefane huɗu, lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, bayanin yadda zai tsallaka titi. Maki 22 ko ƙasa ne abin damuwa. Kafin a ce ciwon mantuwa ne, a duba baƙin ciki, ƙarancin bitamin B12, maƙoƙo da magungunan da yake sha.

Nan aƙalla ana tara tsofaffi wata-wata a auna su. Sai hankalina ya koma gida. Kakanninmu da suka haddace izu sittin, suke rubuta ajami, suke ƙirga watanni da Azumi da Layya, duk faɗuwa za su yi a wannan takarda. Wanda kuma ya fara maimaita alwala ko ɓacewa tsakanin gida da masallaci, sai a ce ruɗewar tsufa ce, a ja masa ƙofa. Mu da muka iya aikin muna nan nesa, sai dai mu tambaya ta waya: Inna ta gane ki yau?